Makullin da babu wanda ya tabbatar da ƙarfinsa

Duk lokacin da mutum ya tura kuɗi ta wayarsa, abin da ke tsare masa sirri shi ne wahalar wani lissafi. Ɗan firamare zai iya ninka 61 sau 53 ya sami 3233, amma idan aka miƙa masa 3233 aka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya zauna gwaji ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan bambanci, wato sauƙin zuwa da wahalar dawowa, Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin kulle bayanai na RSA a 1977. A 2020 masu bincike sun warware lamba mai alƙaluma 250, aikin da da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda aka bar wa, da ya ci kusan shekara 2700, alhali mabuɗan da ake amfani da su yau suna kai alƙaluma 617.

Abin da ke hana ni sakin jiki shi ne, har yau babu wanda ya kawo hujjar cewa wannan wahala tabbatacciya ce. Abin da muka sani kawai shi ne ba a gano gajeriyar hanya ba tukuna. Tambayar P da NP, wato ko duk matsalar da ke da sauƙin tantance amsarta tana da sauƙin warwarewa, wadda Stephen Cook ya tsara a 1971, tana nan ba amsa, duk da dala miliyan ɗaya da Cibiyar Lissafi ta Clay ta sanya a kanta tun 2000. Kuma tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum, wato sabon nau'in kwamfuta mai aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra, za ta rusa RSA, idan aka iya ƙera ta.

Wasu za su ce ai ba a ƙera ta ba. Gaskiya ne, sai dai ɓarawo mai haƙuri yana iya kwashe bayanai a kulle yau, ya adana, ya jira ranar da mabuɗi zai samu. Lambar sirrin kati ana canza ta cikin minti biyu, amma zanen yatsun da muka bayar wajen yin BVN da NIN shi ne namu har kabari.

A watan Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji uku na sababbin makullai da aka tsara domin jure wa kwantum. A ganina ya wajaba bankunanmu da hukumomin da ke riƙe da bayananmu su fito fili su faɗa mana shekarar da za su kammala sauya nasu, da kuma bayanan da za su fara killacewa.