Ranar da nauyi ya bar Shilo

Salama gare ku, 'yan'uwa.

Kalmar da muke karantawa a Hausa "ɗaukaka", a Ibrananci kabod ce, kuma asalinta nauyi ne, irin wanda ke rinjayar sikeli. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Idan yaro ya ce yana jin nauyin kawunsa, ai ba a kafaɗa ya ɗauke shi ba. Akwai dai maganar da ba za ta fito daga bakinsa ba muddin kawu na zaune. Umarnin girmama uwa da uba a Fitowa 20:12 ma daga wannan tushe ya fito.

Shi ya sa da ɗaukakar Ubangiji ta cika alfarwa, wato tantin sujada na Isra'ilawa, Musa kansa bai iya shiga ba (Fitowa 40:35). A Haikalin Sulemanu kuma firistoci suka kasa tsayawa su yi hidima. Idan nauyin ya sauko, mutum ne ke ja da baya.

Amma labarin da ke hana ni sakat shi ne na Eli, firist a Shilo. 'Ya'yansa Hofni da Finehas sukan aiko bara da cokali mai yatsa uku. Mutum ya kawo hadayarsa, nama na tafasa, sai baran ya caka cikin tukunya, abin da ya fito ya zama na firist. Har ɗanye sukan karɓa tun ba a ƙona kitsen ba, wanda ya yi gardama a ƙwace da ƙarfi. Eli ya yi musu faɗa, amma faɗan da bai raba su da tukunya ba. Allah ya aiko masa da tambaya: don me kake jin nauyin 'ya'yanka fiye da nawa? Ya ce wanda ya girmama shi zai girmama shi, wanda ya raina shi kuwa zai zama mara nauyi (1 Sama'ila 2:29-30).

Da yaƙi da Filistiyawa ya yi zafi, Isra'ilawa suka ɗauko Akwatin Alkawari, alamar kasancewar Allah a tsakaninsu, daga Shilo zuwa fagen fama, suka yi ihu har ƙasa ta amsa. Laya suka mai da shi. Kada mu yi saurin yi musu dariya. Mu ma akwai mai ajiye Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin matashin kai, ya manna aya a gilashin mota, ran Lahadi muryarsa ta fi ta kowa wajen "ɗaukaka ga Allah", ran Litinin kuma mudunsa a lotse yake. Ɗan'uwa, da kawunka na tsaye a rumfar, za ka auna da wannan mudun?

Isra'ilawa 30,000 suka faɗi ran nan, aka ƙwace akwatin. Eli na zaune a kujera bakin hanya, shekararsa 98, idanunsa sun tafi. Ya ji mutuwar 'ya'yansa yana zaune. Da aka ambaci akwatin sai ya faɗi da baya, wuyansa ya karye, gama tsoho ne mai nauyi. Kalmar nan ce dai, kabed, nauyin ya koma na jiki. Surukarsa, matar Finehas, tana bakin mutuwa a kan gwiwa, mata na ce mata kada ta ji tsoro, namiji ta haifa, ba ta ko kula ba. Ta sa masa suna Ikabod, wato babu ɗaukaka, ta ce ɗaukaka ta bar Isra'ila.

Akwatin ya yi wata 7 a ƙasar Filistiyawa, annoba na bin sa gari gari. Daga ƙarshe firistocin Filistiyawa da bokayensu, masu bauta wa gumaka, su ne suka ce wa mutanensu: ku mai da shi, ku ba Allahn Isra'ila kabod.