Darasin tattalin arzikin da bai taɓa shiga kasuwa ba

Na karanta maganganun da aka yi ta yi a kan wani yaro da jarinsa ya karye a shagon kayan masarufi, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda kowa ya ɗora masa laifi, wasu suna cewa sakaci ne, wasu suna cewa 'yan boko dama ba su iya kasuwanci ba. Yaron da ya gama sakandare, ya ci darasin tattalin arziki a jarrabawar WAEC da sakamako mai kyau, amma bai san cewa kuɗin da ba za su iya sake saro kayan da aka sayar ba asara ce ko da an kira su riba, makarantarsa ya kamata a tuhuma, domin shekara uku ta yi tana sa shi haddar ma'anoni da Turanci ba tare da ta nuna masa inda suke aiki ba.

A duba yadda abin yake faruwa. A ce ya saro katan ɗin taliya a kan naira 10,000, ya sayar ɗaya bayan ɗaya har ya haɗa 11,000, ya rubuta ribar 1,000 a littafi kamar yadda aka koya masa, ya cire ta ya yi hidimarsa. Ranar da ya koma kasuwar Singa domin sari, sai ya tarar katan ya kai 12,000, wato ko bai taɓa ribar ba kuɗin hannunsa ba za su maido abin da ya fita daga shago ba. Haka kayan shagon suke raguwa wata bayan wata, shi kuwa littafinsa yana nuna masa yana samu, alhali uwar kuɗi yake ci. Babu ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau da bai san wannan ba, shi ya sa kafin ya yanka farashi da safe sai ya buga waya ya ji yadda kasuwa ta kwana.

Waɗannan yara kuwa a kan idonsu aka yi komai. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Ɗalibin da kuɗin motarsa zuwa makaranta ya ninka, wanda ya ga mahaifinsa yana biyan mai POS kafin ya karɓi kuɗinsa na kansa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, shi ne ake zana wa layuka biyu masu gilma wa juna a allo, na buƙatar kaya da na samuwarsu, a ce ya haddace, ba tare da an haɗa masa zanen da abin da ya baro a gida ba.

Za a ce manhaja ce ta ɗaure malami, ko a ce babu littattafai kuma albashi bai taka kara ya karya ba. Na san halin da malamai suke ciki, amma wannan uzuri bai karɓu ba a nan, domin hauhawar farashi da bashi da aikin banki duk suna cikin manhajar, kuma ba a buƙatar ko kwabo kafin a tura ɗalibai su tambayo farashin kwanon masara da kaka, su sake tambaya a tsakiyar damina, sannan su zo aji su bayyana dalilin bambancin. Adashin da iyayensu mata suke zubawa ya isa darasin mako guda: wadda ta fara kwasa ta samu rance marar ruwa, wadda ta kwasa a ƙarshe kuwa ta karɓi kuɗin da darajarsu ta ragu. Ɗalibin da aka saba masa da tambayar inda riba take fitowa ba zai yi saurin miƙa kuɗinsa ga wanda ya yi alkawarin riba mai tsoka cikin wata guda ba, kamar yadda mutane suka miƙa wa tsare-tsaren damfara irin su MMM a 2016 da CBEX da ta rufta da dukiyar jama'a a Afrilun 2025.

'Yan mata ma sun fi ba ni tausayi a wannan al'amari, domin da yawansu sana'ar cikin gida za su kama bayan makaranta, masu turaren wuta da masu cincin da masu saro atamfa suna tallatawa a WhatsApp. Sau da yawa yarinya za ta lissafa fulawa da mai da sukari, ta manta da kuɗin gas da leda da na ɗan aike, ba ta kuma saka ladan wahalarta ba, sannan rabin kayan 'yan uwa su ɗauka bashi wanda kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba.