Malama da safe, ɗaliba da yamma

Ƙanena ya kira ni kwanakin baya, ya ce, "Yaya, na kammala digiri, ina son in bi sahunki in zo koyar da Turanci. Me zan fara tanada?" Na san amsar da yake jira: takardar shaidar koyarwa, kuɗin jirgi, rigunan sanyi. Sai na ce masa ya fara koyon Jafananci. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Amma Yaya, ai Turanci zan koyar." Tun daga ranar maganar ke min yawo a rai, domin ni ma da wannan tunanin na sauka a Jafan, shekara huɗu ke nan, kuma shi ne ya fi komai wahalar da ni.

Tun wurin neman izinin shiga na fara ganin yadda kowace ƙasa take auna malamin Turanci. Koriya ta Kudu na fara dubawa. Bizar koyar da Turanci a can, wadda suke kira E-2, ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Nuzilan da Afirka ta Kudu. Fasfo ake kallo kafin a kalli mutum. A Jafan kuwa abin da aka nema daga gare ni shi ne digiri da shaidar cewa na yi shekara 12 ina karatu da Turanci. Wannan ma'aunin ya fi kusa da adalci, ko da yake shi ma bai tambayi abin da ya fi muhimmanci ba, wato ko mutum ya san yadda ake koyon harshe.

Aikina na mataimakiyar malami ne a makarantun gwamnati, ina zagaya firamare biyu da ƙaramar sakandare ɗaya. Irin wannan aikin ya daɗe a ƙasar. Shirin JET na gwamnati ya fara kawo baƙin malamai tun 1987, daga baya kamfanoni masu ɗaukar malamai haya suka shigo, ta hannun ɗaya daga cikinsu na zo. Tun 2020 Turanci ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare, darasi 70 a shekara, aji uku da huɗu kuma suna samun 35 na wasa da sauraro. Minti 45 ne kowane darasi. Ka kwatanta da yadda muka taso: mu da Turanci aka koya mana lissafi da kimiyya, da shi muka rubuta jarrabawa, a kan allunan titi muna ganin sa, a rediyo muna jin sa. Yaron Jafan da zarar an kaɗa ƙararrawa ya rabu da Turanci ke nan sai darasi na gaba, domin duk abin da yake bukata a duniya, daga littafin likitanci har wasan kwamfuta, akwai shi da harshensa. Na daɗe ina ɗaukar shirun yaran nan a matsayin rashin ƙoƙari. Ban gane kuskurena ba sai da ni ma shirun ya kama ni.

Inda ya kama ni shi ne ofishin ƙaramar hukuma. Doka ta ce baƙo ya yi rajistar adireshinsa cikin kwana 14 da samun masauki. Na je da katin zamana, aka miƙo min takarda, na dube ta sama da ƙasa ban ga harafi ɗaya da na sani ba. Ma'aikaciyar tana ta magana cikin ladabi, tana maimaitawa a hankali, ni kuma murmushi kawai nake yi ina gyaɗa kai, zuciyata na bugawa. Daidai abin da yaran aji biyar suke min ke nan idan na tambaye su abin da suka yi a hutu. Sun ji tambayar, wataƙila ma sun san amsar, amma tsoron faɗin ta a karkace a gaban mutane ya ɗaure musu harshe. Ranar na koma gida na zauna a bakin katifa na yi kuka, ba don takardar ba, don na tuna sau nawa na tsaya a kan yaro ina jiran amsa, aji duka na kallon sa.

An ce baƙo makahon gari ne, amma a nan har da kurumta da bebantaka. Rubutun ƙasar iri uku ne a cakuɗe: hiragana mai haruffa 46, katakana mai 46, sai kanji, waɗanda jerin na amfanin yau da kullum kaɗai ya kai 2,136. Wasiƙar kuɗin wuta, takardar inshorar lafiya, maɓallan injin wanki, kalandar zubar da shara da ke nuna ranar abin ƙonawa da ranar kwalabe, duka da su aka rubuta. Sau biyu ina tarar da ledar sharata an bar ta a wurin, an manna mata takardar gargaɗi. Ga hunturu, rana ta faɗi tun wajen huɗu da rabi, ka dawo ɗaki ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa.

A nan ne hanya take rabuwa biyu, kuma na ga mutane a kan kowacce. Akwai abokan aikin da suka taso da Turanci tun daga nono, wasunsu sun shekara biyar ko shida a ƙasar, amma ba za su iya kiran asibiti a waya su nemi ganin likita ba. Suna zama da junansu, suna fita da junansu, waya tana fassara musu abin da ya zama dole. Ba na zargin su da mugun nufi. Duniya ce ta saba musu cewa duk inda suka je wani zai lallaɓa ya yi musu Turanci. Sai dai idan aka zauna hira, ƙorafinsu ɗaya ne kullum: mutanen nan ba sa sakin jiki, yaran nan ba sa magana. Ni kuwa da ban taɓa samun wannan gatan ba, na san cewa harshe bashi ne, wanda ya zo shi ke fara biya. Na shiga ajin yamma da masu aikin sa-kai ke gudanarwa a zauren unguwa, ina zama kusa da ma'aikatan masana'anta 'yan Biyetnam da Nefal, muna haɗa baƙi kamar 'yan aji ɗaya.

Abin mamaki, Hausa ce ta fi taimaka min, ba Turanci ba. Wasula biyar ne a Jafananci, a, i, u, e, o, kamar namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere: obasan inna ce ko gwaggo, obaasan kuwa kaka, kamar yadda muke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Suna nanata baƙi ma'ana ta sauya, kamar daba da dabba. Abokan aikina Amurkawa kan yi wata da watanni kunnensu bai kama wannan ba, ni kuwa tun makon farko na ji shi. Sannan ga yadda suke aron kalmomin Turanci. Harshensu ba ya son baƙi biyu su haɗu ba wasali a tsakani, namu ma sau da yawa haka. Mu muka ce buroshi, su suka ce burashi. Mu tebur, su teeburu. Mu gilashi, su garasu. Ranar da na rubuta waɗannan a allo gefe da gefe, na ce wa yaran, "A harshena ma haka muke yi," ajin ya kaure da hayaniya irin wadda ban taɓa ji ba. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu ba ya tambaye ni, "Sensei," wato malama, "ke ma koya kika yi?" Na ce masa ƙwarai, kuma na sha fama da p da f kamar yadda yake fama da r da l. Na nuna musu yadda aka koya min: a riƙe 'yar takarda a gaban baki, in ta motsa da ƙarfi an faɗi p daidai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya koyi Turanci da gumi ya san inda ake tuntuɓe, ya san dalilin da ya sa "a" da "the" suke rikita mutumin da harshensa ba haka yake aiki ba, ya san kunyar da ke biyo bayan dariyar 'yan aji. Wanda aka haifa cikin harshen yana jin kuskure a kunnensa, amma sau da yawa in ka tambaye shi dalili sai ya ce haka dai ake faɗa. Ban ce ba su da abin da suka fi mu ba. Lafazinsu na fita ba wahala, salon maganar yau da kullum yana bakinsu, kuma na san wasu daga cikinsu da suka ƙware a Jafananci har suka fi ni nesa ba kusa ba. Su ne ma malaman da na fi sha'awar kallon darasinsu. Wato ba fasfo ne ke raba mu ba. Abin da ke raba mu shi ne wanda ya yarda ya sake zama ɗalibi da wanda ya ƙi.

Akwai masu cewa gara malamin da bai iya harshen yaran ba, domin dole su yi masa Turanci. Na ji wannan daga bakin wani jami'in kamfanin da ya ɗauke ni, har ya gargaɗe mu kada mu bari yara su san muna jin Jafananci. A cikin aji na yarda, Turanci nake yi kusan daga farko har ƙarshe. Amma darasi ba a aji yake farawa ba. Yana farawa ne a ɗakin malamai, inda malamar aji take da minti biyar kacal ta faɗa min abin da take so, kuma ba lallai ta iya faɗa da Turanci ba. Shekarata ta farko na kawo shawarar wani wasa, malamar ta ja numfashi ta ce chotto muzukashii, wato da ɗan wuya. Na ɗauka ƙarin bayani take nema, na yi ta bayani har sati biyu. Ashe a'a ta ce min tun ranar farko, irin a'ar da ake naɗewa cikin ladabi. Ba ƙamus ne zai koya maka wannan ba, sai zama da mutane cikin harshensu.

Kuma abin da ya fara buɗe min ɗakin malaman nan kalma ɗaya ce. Idan an tashi aiki suna ce wa juna otsukaresama. Abokan aikina Turawa sun sha tambaya me take nufi, ana ta kewaye-kewaye wajen fassara musu. Ni da aka bayyana min sau ɗaya na gane: sannu da aiki ce, sannu da gajiya. Da na fara faɗin ta da zuciya ɗaya, yadda nake faɗin tamu, sai fuskoki suka fara sakewa. Mataimakin shugaban makarantar da na ɗauka ba ya son ganina, shi ne ya nema min ɗan ɗakin da nake sallar azahar, bayan na iya yi masa bayani da bakina. Masu dafa abincin makaranta suka fara ajiye min jerin abin da ke cikin girkin kowane wata. Har yau ana kallona a jirgin ƙasa, baƙar mace da mayafi, kuma har yau akwai iyayen da kan yi turus in aka ce ga malamar Turanci. Wannan bai gushe ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu ina iya gaishe su, in faɗa musu yadda ɗansu yake ƙoƙari, in ji abin da suka mayar.

Na tura wa ƙanena jadawalin hiragana da katakana, na ce ya ba su rabin awa kullum bayan asuba, maganar takardu ta biyo baya. Shekaranjiya ya aiko min hoton sunansa da ya rubuta da katakana a bayan wani tsohon littafi, harafi ɗaya ya juya baya. Na zagaye shi da ja na mayar masa.