Alhaji Bai Yarda Fiyus Ya Mutu Ba

Wani gareji ne a gefen kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano, da hantsi. Ga wata Honda Accord ƙirar 2003, wadda dillalai ke kira Iyodi, tana shigowa a hankali. Direba ne ke turawa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Alhaji na ciki riƙe da sitiyari, ya rufe gilas. Mai gyaran waya kuwa, wanda kowa ke kira Rewaya, Bazazzagi ne, kuma kun san tsakanin Kanawa da Zazzagawa ba a rabuwa lafiya.

ALHAJI: Salamu alaikum. Ina bawan nan nawa na Zariya?

REWAYA: Amin alaikumus salam. Ga ubangidanka nan. Tun daga nesa na gane motarka, Alhaji. Duk Kano ita kaɗai ke tafiya da tuwo maimakon fetur. Sannu, Direba.

ALHAJI: Bar surutu. Ɗan ƙaramin abu ne, aikin naira 500.

REWAYA: Tun ban ɗaga bonet ba?

ALHAJI: Gara a gama ciniki tun ido bai ga kaya ba.

DIREBA: Oga, sati guda ke nan. Fitila sai ta kawo da kanta da tsakar rana. Fanka ta daina juyawa, ruwan lagireto na tafasa kamar za a dafa shayi. Shekaranjiya a gidan gaisuwa, ana tsakiyar addu'a, hon ya kama kuka shi kaɗai. Yau da safe kuwa ko ƙyas.

ALHAJI: Aikin maƙiya ne. Akwai wani maƙwabcin shagona a Kantin Kwari da ya yi wata uku yana yaba motar nan. Har hayaƙin habbatus sauda na sa aka yi mata.

REWAYA: (ya ɗaga bonet, ya shinshina) Wannan warin ba na habba ba ne, roba ce ta ƙone. Yaro, zo ka ga darasi. Alhaji, ina murfin akwatin fiyus?

ALHAJI: Wane murfi?

DIREBA: Yana gida. Da shi ake ba kajin Hajiya ruwa.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka?

REWAYA: Tun yaushe?

DIREBA: Tun azumin bara. Kuma duk Juma'a yara ke wanke ta da bokiti, har cikin inji. Alhaji ya ce tunda kuɗin ɗaya ne, kada a bar ko'ina a bushe.

REWAYA: To ga aljanin nan. Dubi ƙafafun nan yadda suka yi kore da tsatsa. Ruwa ya shiga ya haɗa layin da bai kamata ya haɗu ba, shi ya sa fitila ke tashi ba a kira ta ba. Amma tsaya. Inna lillahi! Yaro, miƙo filaya. Alhaji, mene ne wannan?

ALHAJI: Ƙusa ce. Ba ku da ƙusa a Zariya?

REWAYA: Muna da ita, a jikin ƙofa muke bugawa. Wannan kuma?

ALHAJI: Takardar cingam ce, mai ƙyalli.

REWAYA: Sannan ga fiyus kore, kore, kore, har guda shida. Motar nan ta koma gonar alayyafo. Alhaji, launin nan ba ado ba ne. Ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Kowane gurbi da ƙarfin da aka yanka masa. Wa ya zuba maka 30 a gurbin 10?

ALHAJI: Ni da kaina. Na tambayi mai kaya, ya ce duk kuɗinsu ɗaya. Wane Bakano ne zai ga 30 da 10 a farashi guda ya ɗauki 10?

YARO: Gaskiya, Oga, a lissafi Alhaji ya ci riba.

REWAYA: Rufe min baki ko in mayar da kai wankin kabireta. To ita ƙusar fa?

ALHAJI: Akwai wani gurbi da ke cin fiyus kamar gyaɗa. Na sa rawaya ya mutu. Na sa kore ya mutu. Naira 200, naira 200, har sau huɗu. Na ce ba ni zan riƙa ciyar da shi ba. Tun da na sa ƙusar nan ba ta taɓa mutuwa ba.

REWAYA: Ai mutuwar ce aikinsa! Ka ga 'yar siririyar wayar nan da ke cikin roba? An yi ta ne don in wuta ta fi ƙarfin layi ta tsinke, ta yanke hanya. Ka ɗauko ƙusa mai taurin kai irin naka ka sa. Wuta ta zo, ta nemi mai tsinkewa ta rasa, sai ta zauna ta dafa akwatin. Taɓa nan ka ji, ya narke kamar alewa. Motan nan saura ƙiris ya kama da wuta.

ALHAJI: "Motan ya kama." Ku ji fa. Mutumin da bai san mota mace ba ce shi zai koya min wuta.

REWAYA: Mace ko namiji, sai an sauya akwatin gaba ɗaya.

ALHAJI: Ba a liƙewa?

REWAYA: Ba tayar keke ba ce. Yaro zai shiga kasuwa ya samo na Baljiyam. Ga lambar da ke jikin tsohon, sai ta yi daidai. Taka mai filogi huɗu ce, kada a kawo na mai shida, kamanninsu ɗaya amma ba ɗaya ba ne.

ALHAJI: In tura yaron Bazazzagi kasuwa da kuɗina? Da ƙafata zan je.

Aka yi awa biyu cur. Rewaya ya ci ɗanwake, ya yi azahar, ya ɗan rintsa a ƙarƙashin wata tsohuwar Peugeot. Sai ga Alhaji ya dawo da baƙar leda yana washe baki.

ALHAJI: Dubu 35 ya ce. Ka san nawa na biya? 28.

REWAYA: Lamba ta yi daidai, wannan kam na yaba maka. Amma ina fiyus ɗin ciki? Ina rile, 'yan makunnan nan da ke sakin wuta su kuma yanke ta? Ina murfi?

ALHAJI: Su ne dubu bakwai ɗin. Na ce ya cire kayansa, ni akwati aka aiko ni.

REWAYA: Ka sayo gida ba ƙofa ba taga.

ALHAJI: Ai akwai na tsohon.

REWAYA: Na tsohon ƙusa ce da cingam! To shi ke nan, rile ɗin tsohon zan gwada su ɗaya bayan ɗaya, fiyus kuwa sababbi za ka saya. Yaro, karɓi wayar Alhaji ka ɗauki hoton tsohon akwatin kafin in taɓa komai, don mu san mazaunin kowa. Direba, zare makulli. Miƙo sifana mai lamba 10, kan batir na nagetif, wato baƙin, zan fara cirewa.

ALHAJI: Me ya sa ba jan ba? Shi ya fi kusa da hannunka. Kada ka tsawaita aiki don ka ƙara kuɗi.

REWAYA: Duk ƙarfen jikin motar nan nagetif ne. In na fara da jan, sifana ta goga bodi, tartsatsi ne zai tashi har gemunka. In na cire baƙin tukuna, ko rawa sifanar ta yi ba abin da zai faru.

DIREBA: Wallahi gaskiya ne. Ni na taɓa yi, zoben azurfata ya yi zafi har ya bar min tambari.

ALHAJI: Da batirin wa ka yi?

DIREBA: Na wani ubangidana na da, ranka ya daɗe.

Rewaya ya kwance manyan wayoyi biyu masu noti, ya danna 'yan maƙallai ya ɗaga akwatin, ya bi soket ɗin ƙasa yana zarewa a hankali. Su soket ba su da rigima, kowanne bakinsa daban, ba ya shiga gurbin wani. Ya goge masu tsatsa, ya zaunar da sabon akwati, ya ɗaure. Tsohon kuwa tuni Yaro ya zazzage shi a faranti.

REWAYA: Kawo hoton mu gani.

YARO: Ga shi, Oga.

REWAYA: Wannan ai hancinka ne. Ga kuma hular Alhaji a baya.

YARO: Kyamarar ce ta juyo.

REWAYA: Guda nawa ka ɗauka?

YARO: Tara. Akwai wanda na yi kyau a ciki.

ALHAJI: Almajirin Zazzau ke nan, birnin ilimi!

REWAYA: Ɗan Fagge ne, Alhaji, naku ne. Ba komai, ko hoton ya fito gonar alayyafo za mu gani. Taswirar gaskiya tana cikin murfi, an zana gurbin kowane fiyus da lambarsa. Direba, hau adaidaita ka karɓo mana shi wajen kaji.

ALHAJI: Kuɗin adaidaita a cikin kuɗin aikinka.

Murfi ya iso yana ƙarni, aka wanke shi da omo. Rewaya na karantawa, Yaro na dasawa, ja a gurbin ja, shuɗi a gurbin shuɗi, Alhaji na ƙirga kowane ɗaya da ɗan yatsa yana tsaki. Aka mayar da kan batir, baƙin a ƙarshe. Direba ya murɗa makulli, mota ta tashi. Alhaji ya miƙa hannu ya danna hon. Ɗas!

ALHAJI: Ka gani! Gurbin nan ne. Ya cinye naira 200 a gabanka. Dawo min da ƙusata.

REWAYA: Fiyus ba ya mutuwa don nishaɗi, wani abu ne ke kashe shi. Wannan jar wayar da aka naɗe da leda, ina ta nufa?

DIREBA: Hon ɗin tirela ne. Ɗan ƙanwar Alhaji ya haɗa, kyauta.

ALHAJI: Don 'yan adaidaita su san manya na tafe.

REWAYA: Ga inda ta goge a jikin ƙarfe, tagulla a fili. Duk dannawa sai wuta ta zube a bodi. Kuma a motar nan hon da fitilar birki fiyus ɗaya suke ci. Duk ranar da ya mutu, kuna taka birki na baya bai sani ba.

DIREBA: Ashe shi ya sa aka buge mu sau biyu a Titin Zoo.

ALHAJI: Kuma duka biyun sun biya. Kada ka gyara wannan ɓangaren da gaggawa.

Rewaya bai tanka ba. Ya yanke wayar, ya mayar da hon na asali, ya sa sabon rawaya. Hon ya yi kuka daidai, fanka ta juya, fitila ta jira sai da aka kira ta. Ya danna murfi ya rufe ƙaf.

REWAYA: Kajin Hajiya a sai musu kwano. Kuɗin aiki dubu 8, ban da fiyus.

ALHAJI: Mun yi da kai 500 a gaban shaidu. Tsohon akwatin ma a sa min a but, 'yan gwangwan na saye. Tsaya, me ya sami rediyona? Da safe lafiya lau take.

DIREBA: Da safe ko ƙyas ba ta yi, ranka ya daɗe.

REWAYA: Ba lalacewa ta yi ba. Irin wannan rediyon in an cire batir sai ta kulle kanta saboda ɓarayi. Lambar sirri take nema. Duba cikin aljihun gaban mota, wani lokaci tana manne a can. Yaro, karanta masa abin da ta rubuta.

YARO: An rubuta CODE. Kod, Alhaji.

ALHAJI: Kuɗi? Ita ma?

REWAYA: Kod aka ce, ba kuɗi ba.

ALHAJI: Duk wanda ya kwana awa huɗu a garejin Bazazzagi sai ya koyi roƙo. Bar ta a kulle, labarai a majalisa ma kyauta nake ji. Direba, kashe injin nan, mai na ƙonewa. Daga nan zuwa titi gangara ce, sauko ka tura.