Ɗage shari'a shi ma hukunci ne

Wai don na ce a daina jan shari'ar masu ƙwaya shi ne wani bawan Allah ya shigo min yana cewa ina kare 'yan hodar iblis. Madalla da wannan fahimta, Allah ya ƙara basira.

Ku dubi maganar babban ɗan sandan nan Abba Kyari mana. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA ta gurfanar da shi da wasu kan hodar iblis a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja a watan Maris 2022, mutum biyun da aka kama da hodar a filin jirgin Enugu suka ce eh mun yi, kafin tsakiyar shekarar an yanke musu shekara 2. Shekara 2 fa, kan hodar da ta haura kilo 21. Shi Abba Kyari da ya ce ban yi ba kuma aka hana shi beli, aka shiga 2025 yana tsare ana ta ɗagewa, har ya fi waɗanda suka amsa laifin daɗewa a ciki. Ni ban ce yana da gaskiya ba, ban ce ba shi da ita ba, aikin alƙali ne. Cewa na yi a yanke. A yanke kawai.

Kuma shi babba ne, yana da manyan lauyoyi, jaridu na bibiyarsa. To ɗan talakan da aka kama da ƙullin wiwi fa? Wa ya san yana ciki in ba uwarsa ba? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen gidajen yarinmu jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka (ACJA) ta 2015 ƙarara ta ce a riƙa zama kullum, in ba hali kowane ɓangare ɗagewa 5 gare shi, tsakani kar ya wuce kwanakin aiki 14. Tana nan a takarda abinta tana hutawa. Kar ma a kawo min zancen alƙalai sun yi kaɗan, wanda ke kulle ne zai ɗauko su aiki?

Wallahi abin da ake koya wa yaran nan shi ne ka amsa ko ba ka yi ba, ka fi saurin komawa gida. Wannan ya fi damuna.

Af, kodin da aka haramta tun 2018, su wa ke zubar da kwalabensa a kwatar bayan layinmu ne?