Wai "an yi mini Mankad"... kai da ka bar layi da ƙafarka?

Jama'a ni fa abin nan na daren jiya a gurup ɗinmu na tsofaffin ɗaliban Indiya har yanzu bai sake ni ba. Wanda ke ciki ya gani, wanda ba ya ciki ma na san hoton hirar ya iso masa don gurup ɗin nan ba ya riƙe sirri. Mutum wata biyu bai yi zubi ba, an yi masa magana a ɓoye an yi masa a fili, uwar adashin da kansa (namiji ne amma haka muke ce masa) ya kira shi a waya, ranar kwasa ta zo aka tsallake shi aka ba na bayansa, shi ne ya faɗo mana da tsakar dare wai "wallahi an yi mini Mankad, ban taɓa zaton haka daga 'yan uwa ba". Kuma har da masu tura masa fuskar kuka. Mankad? Kai yallaɓai? Kai da ka bar layi tun watan jiya kana tsakiyar fili kana yawo?

Maganar kuɗin ku sasanta can, ba ruwana. Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda aka mayar da sunan bawan Allahn nan, Vinoo Mankad ɗan wasan kurket na Indiya, ya zama ma'anar cin amana, har mu da ba mu gaji kurket ba, a bakin 'yan ajinmu muka tsinto shi muna cin abinci a kantin makaranta, mun kwaso sharrin mun taho da shi gida.

Don Allah kar wani ya zo mini da cewa ban san wasa ba. Ni ne nan sarkin laƙaba wa mutane suna a hostal, kuma duk wasannin duniya ban ga wanda ya kai kurket iya tsiyar suna ba. Mutum ya fita bai ci ko maki ɗaya ba sai a ce ya yi agwagwa, saboda sifili ya yi kama da ƙwan agwagwa, in a jifan farko aka fitar da shi kuma agwagwar zinariya ce, wai har da karramawa. Mark Waugh na Ostireliya ya je Siri Lanka a 1992 ya jera sifili huɗu, abokan wasansa ba su yi masa jaje ba sai suka sa masa Audi, zobe huɗun nan na gaban motar, suna jira ya ƙara ɗaya su ce zoben Olamfik ne. Ajit Agarkar kuwa ya cika biyar ɗin cif a Ostireliya tsakanin 1999 da 2000, aka sa masa Agwagwar Bombay, wanda asalinsa sunan wani kifi ne da ake ci a Mumbai. Mai jifa ya fitar da mutum biyar a wasa sai a ce ya samu Michelle, saboda yadda suke faɗin biyar ɗin a bakinsu, "five-for", ya yi kama da sunan mahaifin 'yar fim ɗin nan Michelle Pfeiffer, ita tana can Amurka ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mu ma a hostal duk wanda ya kwaso sifili a gwaji agwagwa ne, wani yaro da ya faɗi kwas huɗu a zango ɗaya har ya gama makarantar Audi ake ce masa, ya yi fushi ya gaji ya dawo yana amsawa. Tun daga 2023 kuma duk wanda ya makara ɗaurin aure a gurup cewa muke ya yi Mathews, saboda Angelo Mathews da igiyar hular kwanonsa ta tsinke a Delhi, minti biyu suka wuce bai shirya ba, Shakib na Bangaladash ya kai ƙara wajen alƙali aka kore shi bai taɓa ƙwallo ba, shi ne na farko da aka taɓa yi wa haka a wasan ƙasa da ƙasa.

To duk waɗannan ina dariya. Me ya sa? Saboda sunan yana kan mai abin. Waugh ne ya yi sifilin, Agarkar ne ya yi sifilin, Mathews ne lokaci ya ƙure wa. Kowa kayansa aka ɗora masa. Amma Mankad fa? Shi kaɗai ne aka ɗauki laifin wani aka rubuta da sunansa.

Ku duba abin da idon basira. A kurket masu bugu biyu ne a fili lokaci ɗaya, na biyun yana tsaye kusa da mai jifa, doka ta ce kar ya bar layinsa sai ƙwallo ta bar hannu. Shi kuma sai ya riƙa satar taku, ɗaya biyu uku, don gudun da zai yi ya ragu. Mai jifa ya gan shi, ya tsaya, ya taɓa itatuwan da aka kafa a bayan layin (wiket) da ƙwallo, alƙali ya ɗaga yatsa alamar mai bugun ya fita, wannan ne ake kira Mankad. Wa ya yi sata a nan? A Sidni a ƙarshen 1947 Bill Brown na Ostireliya ne ya bar layi, kuma ba ranar ya fara ba, a wani wasa kafin wannan a rangadin Vinoo Mankad ya ja masa kunne bai ji ba, ya fitar da shi, suka sake haɗuwa ya sake barin layi ya sake fitar da shi. Don Bradman da kansa, kyaftin ɗin Brown ɗin fa, ya rubuta cewa bai ga laifin Mankad ba. Amma yau shekara kusan tamanin sunan wa ake kira? Sunil Gavaskar, tsohon ɗan wasan Indiya, ya daɗe yana cewa in dai dole sai an sa wa abin suna to a ce an yi Brown, kuma wallahi gaskiyarsa.

In gola ya baro layi kafin a buga fenariti alƙali ya ce a sake, akwai wanda ke cewa alƙalin ya ci amana? Kowa golan yake zagi. To meye bambancin?

Na san abin da za a ce, an ma fara rubuto mini. Wai ai ruhin wasa, wai kurket wasan dattaku ne, ya kamata ka yi gargaɗi tukuna. Madalla da dattaku. Shi satar takun a wane babin dattaku yake? Kuma gargaɗin nawa ne zai isa? Jos Buttler na Ingila a 2014 Senanayake na Siri Lanka ya yi masa gargaɗi kafin ya fitar da shi, aka yi ta ihu ana zagin Senanayake. Shekara biyar bayan nan a Jaipur a gasar ƙungiyoyin Indiya ta IPL sai ga Buttler ɗin dai ya sake barin layi, Ashwin ya fitar da shi, aka sake zagin Ashwin. Mutum ɗaya, laifi ɗaya, sau biyu, amma ba wanda ya ce a riƙa kiran abin Buttler. A Satumban 2022 a Landan a filin Lord's, Deepti Sharma ta Indiya ta fitar da Charlie Dean ta Ingila, Indiya ta ci da maki 16, filin ya ɗauki ihu, yarinya ta yi kuka, na tausaya mata tsakani da Allah don ta yi ƙoƙari ranar, ta kai 47 tana neman ceto wasan da kowa ya cire rai. Amma da wani ɗan jarida ya zauna ya bi bidiyon ya ƙirga, sama da sau 70 ta bar layi kafin a saki ƙwallo. Saba'in fa jama'a. Ita kuma Deepti sau ɗaya ta taɓa itace ta zama muguwa.

Wani kuma ya ce mini ai kalma ce kawai, kowa ya san ba zagi ba ne. Ɗan uwa in ba zagi ba ne me ya sa mutuminmu bai ce "an yi mini adalci" ba? Ya zaɓi kalmar ne don ya san abin da take ɗauke da shi. Wuce nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne in ka duba su waye ke raba sunayen. Brendon McCullum na New Zealand a 2006 a Christchurch yana tsaron bayan wiket, Muralitharan na Siri Lanka ya bar layi don ya je ya taya Sangakkara murnar cika maki ɗari, ba gudu zai sata ba, hannu kawai zai ba shi, McCullum ya fitar da shi. Shekara goma bayan nan ya fito ya nemi afuwa, na yaba masa. Amma akwai wanda ya taɓa cewa "an yi mini McCullum"? Ina! Sunansa da ya shiga bakin duniya shi ne Bazball, daga laƙabinsa Baz, wani ɗan jarida ya ƙirƙira a 2022 da ya zama kocin Ingila suka fara bugun kan mai uwa da wabi shi da Ben Stokes, kafin ka ce kwabo a 2023 ƙamus ɗin Collins ya saka kalmar. Shi har cewa yake ba ya son sunan, an ba shi riga yana yanga. Koma baya can 1882, W.G. Grace, wanda suke ɗauka uban wasan gaba ɗaya, ya fitar da wani yaro ɗan Ostireliya Sammy Jones da ya fita daga layi yana gyara ƙasar fili da sandarsa. Me aka sa wa sunan Grace? Ƙofar shiga Lord's. Ƙofa guda! Nat Sciver ta buga ƙwallo ta tsakanin ƙafafunta a 2017 aka ce Natmeg, kowa na tafi. Laifi tudu ne dai. Ban ce ba a yaba wa 'yan Asiya ba, ga Dilscoop na Dilshan nan da ya durƙusa ya watsa ƙwallo ta saman kansa a 2009, kafin wani ya zo ya tuna mini kamar ya kama ni. Magana ita ce sunan sharri guda ɗaya da ya zauna daram a wasan nan, kan wanda ya bi doka ya zauna.

Su kansu masu dokar, ƙungiyar MCC ta Landan, sun gaji da kunyar abin, a 2022 suka cire shi daga sashen wasan rashin adalci suka mayar da shi cikin fitarwa ta yau da kullum, ya fara aiki 1 ga Oktoba, mako guda bayan abin Deepti. Kuma tun kafin nan ma halal ne, ba a taɓa haramta shi ba. Doka ta gyaru, baki ne ya ƙi gyaruwa.

Bari in ajiye wasa in faɗi wani abu. Mankad ɗin nan ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Ranar da Indiya ta fara cin wasan Test (babban wasan ƙasa da ƙasa da ake kwanaki ana yi) a tarihinta, a Madras a 1952, ta doke Ingila ne, kuma Mankad ne ya fitar da mutum 12 a wasan. A shekarar dai a Lord's ya ci 72, ya yi jifa har ya fitar da mutum biyar, ya dawo ya ci 184. A 1956 shi da Pankaj Roy suka buɗe wasa da New Zealand suka tara 413 kafin a raba su, ba a karya wannan ba sai 2008, shekara 52. Ya rasu a 1978. Gasar 'yan ƙasa da shekara 19 ta Indiya sunansa take ɗauke da shi. Amma yaron da ya fara kallon kurket jiya a waya abin da zai fara sani game da shi shi ne wai wani mai ha'inci. Ka yi tunanin mahaifinka ya yi aiki irin wannan, jikokinsa suna raye, sunan gidanku kuma ya zama abin da ake faɗa in an cuci mutum. Ni dai abin yana taɓa ni, ko da ba dangina ba ne ba addinina ba.

Saboda haka Alhaji, da girmamawa, ba a yi maka Mankad ba. Kai ka yi Brown. In ka sake wata mai zuwa ka zama Buttler. Uwar adashi kuma Allah ya ƙara masa lafiya, ya ma yi haƙuri da yawa, Courtney Walsh na West Indies ya so ya zama, wanda a gasar cin kofin duniya ta 1987 a Lahore ya ga ɗan Pakistan ya bar layi a jifan ƙarshe ya tsaya ya harɗe hannu ya ƙyale shi, aka cinye su, aka yi ta yabonsa, su kuma West Indies ko kusa da ƙarshe ba su kai ba suka koma gida. Yabo ba ya biyan zubi.

Af, tunda an zo maganar, wa ya cire ni daga admin? Na duba da safe na ga ba ni. Kuma adadin 'yan gurup ɗin yanzu 111 ne daidai, wanda duk ɗan kurket ya san Nelson ke nan, lambar da Turawan Ingila ke camfawa, marigayi alƙali David Shepherd in maki ya kai nan ɗage ƙafa ɗaya yake yana ɗan tsalle har sai lambar ta canza, babban mutum da tumbinsa. A Cape Town ma ranar 11 ga watan 11 na 2011 da ƙarfe 11 da minti 11 Afirka ta Kudu na neman maki 111 ta cinye Ostireliya, 'yan kallo da alƙali duk suka tsaya da ƙafa ɗaya na minti guda. Mu ba ma camfi alhamdulillah, amma a mayar da ni admin in saka ƙanina ya zama 112, ya daɗe yana roƙo, shi ma a can ya yi karatu kuma yana biyan zubi a kan lokaci.