Ba kowane bugun zuciya ba ne aljani

Bidiyoyin nan da suka cika TikTok da gurup-gurup ɗin WhatsApp na mutanenmu a Legas wallahi sun ishe ni. An kwantar da saurayi a tabarma, ƙarti uku sun danne shi, malam na daka masa tsawa a kunne da lasifika ana ɗauka kai tsaye, can ƙasa kuma ga lambar akawun, ga man shafawa ga hayaƙi dubu kaza. Duk wanda ya ce a kai yaron nan asibiti sai a taso masa wai ɗan boko ne mai raunin imani.

Ruƙya tana cikin addini, mutum ya karanta Falaƙi da Nasi ya tofa a hannu ya shafe jikinsa ba wanda ya isa ya hana. Faɗana da wannan sana'ar ne da ta mayar da duk firgici aljani, duk rashin barci sammu, don a nan cinikin yake.

Je ka zauna da samarinmu a Agege ko Mile 12 ka ji abin da ke cinsu. Tun da gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a Yunin 2022, ta ƙara 4 a Satumba, mutum nawa ne suka ci bashi suka sayi mashin aka ƙwace aka murƙushe? Ga waya daga gida, an ɗauke wansa a hanyar gona ana neman kuɗin fansa, kowa shi yake kallo tunda shi ne na Ikko, alhali a barandar shago yake kwana. Irin wannan ba zai taɓa ce maka ciwon damuwa ke damunsa ba. Cewa zai yi "Alhaji, ƙirjina ne ya yi nauyi, tsakiyar kaina zafi, ga wani abu na bin jikina, in dare ya yi sai in ji kamar mutuwa zan yi." Mai kemis ya haɗa masa na maleriya da taifot, ya sha ba sauƙi, sai abokai su ce ai jifa ne.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan abin sarai. In tsoro ya taso wa mutum farat ɗaya jiki yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sauri, saurin numfashin ya rage iskar kabon da ke cikin jini, shi ne za ka ji jiri, yatsu da leɓe kamar ana tsira musu allura. Yakan kai maƙura cikin kamar minti 10 sannan ya lafa da kansa, ko an yi karatu ko ba a yi ba. A nan mai bidiyo ke cin kasuwarsa, kafin ya gama ihu abin ya sauka sai ya ce aljani ya fita. Bayan kwana biyu ya dawo, kuma dole ya dawo, don tsoron dawowar ne ke ƙara hura shi, kai kuma ka ce wa yaro akwai wata halitta a jikinsa da ta yi rantsuwa sai ta kashe shi. Haba jama'a.

Maganin da aka gwada aka ga aikinsa zama ne da magana. Hanyar da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, masani ya zauna da kai ku bi tunanin da ke zuwa maka ɗaya bayan ɗaya, ka gane bugun zuciyar nan ba ajali ba ne, ka koyi sassauta numfashi, a hankali ka koma shiga danfo da kasuwar da ka ƙaurace wa. Wani sai an haɗa masa da ƙwaya, ita ma sai ta yi makonni kafin a ga aikinta, shi ya sa masu gajen haƙuri ke yarwa. Masu cewa abin Turawa ne su je su tambayi tarihin Farfesa Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, wanda a 1954 a Aro ta Abeokuta ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauye tare da danginsu, har da masu maganin gargajiya ya yi aiki. 'Yan gayun da ke tura mutane ofis a Lekki inda kuɗin zama ɗaya ya fi abin da ɗan dako ke samu a mako kuwa, ba da mu suke ba.

Abin da na daɗe ina nanatawa shi ne harshe. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba na nan tun 1907, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) kuma a tsakiyar Idi-Araba yake, unguwar da ta cika da Hausawa, amma wannan magani da baki ake yinsa. Ka ɗauki mai jego da ta kwana arba'in ba ta barci, tana kuka ba dalili, ba ta ma son ɗaukar jaririn, an kai ta gaban likita kuma ƙanin mijinta ne tafinta. Ta yaya za ta buɗe baki? Sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, ciwon kai ne kawai. Mai lasifika kuwa da Hausa yake mata magana, ya san kishiya ya san uwar miji, dole a tafi wajensa.

Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa, madalla, amma likitocin fannin a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba, kuma kullum ficewa suke. Jiran su ɓata lokaci ne. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa zama 6, aka gwada a kimiyyance aka ga yana aiki. Me zai hana fadar Sarkin Hausawan Agege da ta Idi-Araba su zauna da asibitocin nan a horar da malaman Islamiyya mata da ungozomomi da wasu limamai, su san wanda magana za ta ishe shi, su san wanda ya fara jin muryoyi ko zancen kashe kansa a garzaya da shi Yaba a ranar? Masu danne 'ya'yan mutane suna ɗauka a waya kuma, limamanmu su kira su da sunansu a huɗubar Juma'a su ce a daina tura musu kuɗi.